Wanda Ya Rayu Shi Ke Ba da Labari

Jama'a, rubutun nan dogo ne, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare. Kusan shekara guda ina juya maganar a raina, tun daren da na kusa rasa abokin ɗakina a kan shari'ar Sunday Jackson.

Shekara biyu muna ɗaki ɗaya da shi a makaranta. Shi mutumin ƙasar Numan ne, Bachama, Kirista. Ni kuma a Jimeta aka yanke min cibiya, kakana na wajen uwa har ya bar duniya bai ajiye sandar kiwo ba. Risho ɗaya muke girki da shi, tukunya ɗaya, in wata ya yi nisa har sabulu ɗaya. In azumi ya kama shi ke tashina sahur, don ni in na kwanta ko ganga ake kaɗawa a kaina ba na ji. Ba mu taɓa sa-in-sa a kan addini ba.

Ranar Juma'a 7 ga Maris 2025, muna cikin azumi, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Jackson hukuncin kisa. Da labarin ya iso wayoyinmu, ina zaune ina shan kunu ya miƙo min tasa ya ce, "Ka gani ko? An ce mu tsaya ku yanka mu." Ban san lokacin da na ce masa, "To ran Bafulatani ba rai ba ne? Ku kashe mutum ku ce a tafa muku?" Ku lura da wannan "mu" da "ku" ɗin. A shekara biyu ba su taɓa shigowa ɗakinmu ba sai ranar. Kwana huɗu ba ma magana. Yana dai tashina sahur, amma da bugun ƙarfen gado, bakinsa a rufe.

Abin kunyar shi ne mu biyun ɗaliban shari'a ne, kuma babu wanda ya karanta ko layi ɗaya na hukuncin. Shi a guruf ɗin matasan cocinsu ya samo labarinsa, ni a teburin mai shayi na samo nawa. Kowa ya zo da nasa a dafe, ci kawai muka yi.

Bayan sallah malaminmu na dokar laifuka ya shigo aji da hukuncin a hannu. Bai fara da sashe kaza ba. Cewa ya yi, a cikin alƙalan da suka saurari shari'ar nan tun daga Yola har Abuja, wane ne ya ga abin da ya faru a dajin Kodomti? Aji ya yi tsit. Ya ce to lauyoyin fa? 'Yan sandan fa? Sannan ya ce mu riƙe wannan: kotu ba ta ganin abin da ya faru, labarinsa ake kawo mata, ta zaɓi wanda za ta gaskata, ta liƙa masa lambar sashe.

Da farko raina bai karɓa ba. Mun shigo fannin nan muna alfahari cewa mu mutanen hujja ne, tatsuniya ta 'yan sashen Hausa ce. Amma da na natsu na ga ni Musulmi bai kamata maganar ta zame min baƙuwa ba. Akwai hadisin Ummu Salama, yana cikin Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani zai iya fin wani iya tsara hujja, shi kuma da abin da ya ji yake hukunci, don haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ya san wuta aka yanka masa. Ka duba wanda ke wannan magana, sannan ka duba alƙalin da ke zaune da fayil ɗari a gabansa, wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya. Akwai kuma ƙissar Annabi Dawud a Suratu Sad, ta masu husuma biyu, mai tumaki casa'in da tara da mai tunkiya ɗaya. Shi kansa mai ƙarar kukansa shi ne an fi ƙarfinsa a magana, kuma wasu malaman tafsiri sun ce jarrabawar ita ce yanke hukunci kafin a ji ta bakin ɗayan. Abokin ɗakina ya san makamanciyarta a littafinsu, labarin da Natan ya ba Dawuda na attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka. Addinan namu biyu sun san labari na iya farkar da mai mulki, kuma sun san yana iya jan alƙali ya zame.

To bari in faɗi abin da ke cikin takardun, don na lura da yawa daga masu zafi a kan maganar ba su taɓa jin sa ba.

Abin ya faru ranar 27 ga Janairu 2015 a Kodomti, ƙaramar hukumar Numan. Jackson mutumin Dong ne a ƙaramar hukumar Demsa. Wanda ya mutu sunansa Buba Bawuro. A bayanin da 'yan sanda suka rubuta, Jackson ya ce yana yankan ciyawar jinka a daji, marigayin ya biyo wasu mutane da yake zargin sun kashe masa shanu, suka ɓace masa, sai ya huce a kansa, ya nufo shi da wuƙa. Suka kama kokawa, ya ƙwace wuƙar, ya caka masa a maƙogwaro sau uku, da ya ga ya faɗi ya gudu. A gaban kotu kuma ya ce a gonarsa yake, makiyayin ya koro shanu cikin gonar, kuma sai da ya ji masa rauni da wuƙar a ƙeya da ƙafa kafin ya ƙwace ta.

Babbar Kotun Jiha a Yola, ƙarƙashin Mai Shari'a Fatima Ahmed Tafida, ta yanke masa hukuncin rataya ranar 10 ga Fabrairu 2021, tana ganin tunda ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2022. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025, amma ba da baki ɗaya ba: Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran, ta ce kare kai ne, a sallame shi.

Abu na farko da ya tsaya min a rai: mutum biyu ne suka shiga kokawar nan, ɗaya ya fito. Abin da kotu ta sani game da waɗannan mintoci daga bakin wanda ya rayu ta ji shi. Da bakinsa aka kama shi, da bakinsa kuma yake neman kuɓuta. Masu rinjaye da mai saɓa musu duk takardu ɗaya suka karanta. Inda suka rabu shi ne yadda kowa ya yanka labarin.

Masu rinjaye sun yanka shi gida-gida, kamar mai tsayar da bidiyo. Gida na ɗaya, an kawo masa hari. Gida na biyu, ya ƙwace wuƙa. A nan suka danna tsayawa suka ce haɗari ya wuce, yanzu kai ne mai makami, shi hannunsa babu komai. Gida na uku, suka uku a wuya, kuma wannan sabon aiki ne da ya wuce kare kai. Ita kuwa mai saɓawa ba ta tsayar da bidiyon ba. A wurinta abu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, mutum ne da aka soka a ƙafa yana kokawar ransa, kuma ba hankali ba ne a ce ya juya baya ya ruga da raunin ƙafa alhali wanda ya kawo masa hari yana nan da ƙarfinsa.

Doka ba ta gaya maka inda za ka danna tsayawa ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya yarda a yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya. Final Kod ta ba da haƙƙin kare kai daga sashe na 59, sashe na 62 kuma ya ce kada ɓarnar da za ka yi ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Madalla. To wa ke auna buƙatar? Sai a ce "mutum mai hankali", wato a tambaya me mai hankali zai yi in shi ne a wurin. Wallahi duk karatun da na yi ban ga ɗan wasan da ya kai wannan mutumin fitowa a fim ba. Yana cikin kowace shari'a, amma ba a taɓa ganinsa a kasuwar Jimeta ba, bai taɓa noma a bakin Binuwai ba, bai taɓa bin shanu ba. Dokar ma da ta ɗauko shi doguwar tafiya ta yi: Final Kod ɗin da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960, zamanin Sardauna, daga ta Sudan aka kwaikwayo ta, ta Sudan kuma daga ta Indiya wadda Turawan Ingila suka rubuta. Kowane alƙali shi ke zana fuskar wannan mutumin, kuma sau da yawa in ya gama zanen sai ka ga da shi yake kama: mutum mai natsuwa, a zaune, da biro a hannu, yana da shekara shida na tunanin abin da wani ya yi cikin daƙiƙa goma.

Maganar lokaci ma labari ce. Sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya ce kotu ta yanke hukunci cikin kwana 90 bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi. A shari'ar nan kwana 167 aka yi. Dokar ta ce jinkiri kaɗai ba ya rushe hukunci sai in ya jawo zalunci, wannan gaskiya ne. Amma ku tambayi kanku dalilin sa wa'adin tun farko. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ana so alƙali ya yi hukunci yana tune da yadda mai shaida ya yi magana, inda muryarsa ta yi rawa, inda ya nuna tabo. In watanni suka wuce fuska ta gushe, sai takarda ta rage, ita kuma takarda ba ta rawar murya.

Ita takardar ma wa ya rubuta ta? Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa ofishin 'yan sanda ya san yadda ake ɗaukar bayani. Kai kana zuba da Hausa, wataƙila Hausar ma aro ce a bakinka don da Bachama ko Fulatanci ko Kilba kake mafarki, wani yana rubutawa da Turancin ofis. Ka yi magana ta minti goma, ta fito layi shida. Ba sai an yi maka ƙarya ba, taƙaitawa kaɗai ta isa. Wanda ya taƙaita shi ya zaɓi abin da zai shiga. Lokacin da muka je kallon zaman wata kotu a aji biyu, na ga wata dattijuwa ta yi bayani mai tsawo a kan rikicin fili, ta faro tun daga ranar da mijinta ya sare kukar da ke kan iyaka, ta ambaci wanda ya ba da goro, da wanda ya yi shaida ya rasu. Tafinta ya juya ya gaya wa alƙali da Turanci cewa ta ce filin nata ne. Shi ke nan. Na duba fuskarta, ita a zatonta duk an isar. Shi ya sa doka ta ce in da tafinta aka ɗauki bayani to a kira shi ya yi shaida, shi ya sa kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta kawo maganar ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo da halartar lauya. Masu dokar sun san inda gizo ke saƙa.

Ra'ayina, kuma ra'ayin ɗalibi ne da bai ko shiga makarantar lauyoyi ba: rataya ta yi yawa. Ban yarda Jackson ya fito fes kamar yadda masoyansa ke faɗa ba, suka uku a maƙogwaro ba abin da za a share da hannu ba ne. Amma Final Kod ɗin nan tana da sashe na 222, wanda ya yi tanadi ga wanda ya wuce iyaka wajen kare kansa ba da mugun nufi ba, da wanda ya yi kisa cikin faɗan da ya ɓarke nan take babu shiri. Wannan kisa ne da ake ɗaure mutum a kansa, ba a rataye shi. A ganina nan labarin ya fi zama, ko da na 'yan sandan aka ɗauka, domin shi ma ya nuna ba Jackson ne ya zo da wuƙar ba. Na faɗi wannan a majalisarmu ta shayi, wani ya ce na sayar da kakana. Ban sayar ba. Da kakana ne aka tare a daji da wuƙa ya ƙwace ya soki mutum, da irin wannan adalcin zan roƙa masa.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu, don zagin kotu ya fi komai sauƙi.

Da hukuncin ya fito labarin ya bar Adamawa. Ya je Abuja, ya je Legas, ya tsallaka teku, har a majalisar dokokin Amurka an ambaci sunan Jackson. Duk inda ya sauka sai ya sauke wani kaya ya ɗauki wani. A wancan ɓangaren, Buba Bawuro ya rasa sunansa. Ya koma "wani makiyayi", daga nan "ɗan bindiga", daga nan "ɗan ta'adda", mutumin da ko a bakin wanda ya kashe shi wuƙa ce a hannunsa. Ɗan guntun labarinsa ɗaya tak da ya tsira, cewa yana bin waɗanda yake zargin sun kashe masa shanu, ban gan shi a rubutu ko ɗaya cikin waɗanda abokina ya turo min ba. Wannan bai halatta masa zare wa wani wuƙa ba, ko kusa. Amma yana nuna mutum ne da ya tashi da safe da tasa damuwar, da nasa asarar. A namu ɓangaren kuma, raunin ƙafa ya ɓace, raunin ƙeya ya ɓace, wanda ya fara zare makami ya ɓace. Abin da ya rage "sun kashe Bafulatani, Turawa na so a sake shi". Ni da kaina na tura irin wannan a sitatus. Kotun da muke zagi aƙalla ta saurari bayani biyu ta rubuta dalilinta a shafuka masu yawa, har ta bar wa mai saɓa mata fili. Mu da suna kawai muka yi hukunci. Mun ji Sunday, mun ji Buba, kowa ya san layinsa.

Kuma na gane daga baya cewa daren da muka yi faɗa da abokina ba a kan 2015 muke faɗa ba. A kan 2017 ne. A watan Nuwamba na shekarar an kai hari kan rugagen Fulani a yankin Kikan na ƙasar Numan, aka kashe gommai, mafi yawansu mata da yara. Ranar 4 ga Disamba aka kai harin ramuwa kan ƙauyuka irin su Dong da Lawaru da Kodomti, aka kashe mutane aka ƙona gidaje, ƙungiyar Amnesty International kuma ta zargi jiragen sojin sama da kashe aƙalla mutum 35 a ranar. In ka tambayi mutanenmu, labarin Numan daga Nuwamba yake farawa. In ka tambayi mutanensu, ko dai daga Disamba, ko daga wata gona da aka cinye kafin Nuwamba. Mu kuma mu ce ai kafin gonar akwai burtalin da aka nome. Kowa ya san ranar da zai fara ƙirga don ya fito shi aka zalunta. Ba wanda ya yi ƙarya a cikin abin da ya faɗa, a abin da ya tsallake take. Da wannan idon muka karanta abin da ya faru tsakanin mutum biyu kusan shekara uku kafin nan.

Duk ɗalibin shari'a ya san shari'ar Dudley da Stephens ta Ingila a 1884. Jirgin ruwa ya nutse, mutum huɗu suka rage a ƙaramin kwalekwale, yunwa ta kai su maƙura, aka yanka yaron cikinsu Richard Parker, ɗan shekara 17, suka ci suka rayu. Da suka dawo gida jama'a na tausayinsu, kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa, gwamnati ta mayar da shi ɗaurin wata shida. Ban kawo ta don in kwatanta laifin ba, yaron can bai zare wa kowa wuƙa ba. Na kawo ta ne don tun a aji ɗaya muke muhawara a kanta, kullum muna sa kanmu a matsayin masu yunwa, ban taɓa jin wanda ya ce in shi ne yaron fa ba. Mai sauraro a jikin mai magana yake shiga, gawa kuwa ba ta magana.

A nan fiƙihu ya yi wani abu da ya kamata mu ɗalibai mu tsaya a kansa ko ba ma aiki da shi. A shari'ar kisa ta Musulunci, magadan mamaci su ke da magana: ƙisasi, ko diyya, ko yafiya. Wato an ajiye wa mamaci kujera, danginsa su zauna a kai. Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ɗauki dokar laifuka ta Musulunci, don haka a tsarin da muke karanta ƙarar ta gwamnati ce, sunan jiha ake rubutawa a gaban fayil. Akwai hikima a ciki, don kada jini ya zama cinikin mai ƙarfi da mara ƙarfi. Amma kuɗin da aka biya shi ne iyalan mamaci sun koma 'yan kallo a bencin baya. Ba su da ta cewa a hukunci, ba su da ta cewa a kan rataya, ko da yafewa suke so su yi doka ba ta ba su wurin tsayawa su faɗa ba.

A Disamba 2025, daf da Kirsimeti, Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi wa Jackson afuwa, da ikon da sashe na 212 ya ba gwamnoni. Na yi murna, ban ɓoye ba. Mutumin ya kusa shekara goma sha ɗaya a tsare, in ma ɗauri ya cancanta ai ya yi shi. Sai dai afuwa ba hukunci ba ce, ba ta ce labarin wane ne gaskiya ba, kuma hukuncin Kotun Ƙoli yana nan daram, gobe wani lauya zai ɗauko shi ya kafa hujja da shi a kan wani manomi, ko a kan wani makiyayi. Eh, makiyayi. Waɗanda suka yi murna da hukuncin a majalisarmu ba su yi tunanin cewa ranar da ɗan'uwansu ya ƙwace adda a hannun ɓarawon shanu ya sare shi, da wannan ma'aunin za a auna shi ba.

Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne dalilin da ya sa Jackson ya samu fita. Ya samu masu ba da labarinsa. Lauyoyi, malaman coci, 'yan jarida, 'yan majalisar wata ƙasa. Labarinsa ya dace da wani babban labari da duniya ke son ji a lokacin, sai ya samu fukafukai. Ban ga laifinsu ba, wanda ke bakin igiya duk hannun da ya miƙo kamawa zai yi. Amma a gidajen gyaran hali na ƙasar nan akwai mutum sama da 3,000 da ke jiran rataya, kuma kusan biyu bisa uku na duk waɗanda ke tsare ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Cikinsu akwai wanda labarinsa ya fi na Jackson ban tausayi, amma bai dace da siyasar kowa ba. Wanda ya kashe da wanda aka kashe addininsu ɗaya, ƙabilarsu ɗaya, babu wanda zai samu mabiya da shi. Muna wucewa ta gefen katangar gidan yari a keke kullum, ba mu san sunan ko ɗaya ba. In rahama sai wanda aka iya ba da labarinsa take samu, to hadisin Ummu Salama bai tsaya a kan alƙalai ba, ya hau kanmu mu masu waya a hannu.

Mu kuma da muke karatun nan, ku tuna abin da ake koya mana kenan. A kotun gwaji wanda ya fi iya jera magana shi ke cin kofi. Ana koya mana mu fara da abin da ke taimakonmu, mu binne wanda ke cutar da mu a tsakiya, mu kira namu da sunansa mu kira na wancan "marigayin" ko "wanda ake tuhuma". Ba haramun ba ne, kowane mutum na da haƙƙin a tsaya masa da iyakar iyawa, kuma talakan da bai iya magana ba shi ya fi kowa buƙatar lauya mai baki. Amma akwai tazara tsakanin tsara gaskiya da datse ta, kuma dokar aikin lauya ma ta hana ɓatar da kotu. Abin da na gani shi ne mun fara datsewa tun ba mu sa gashin lauya ba, kuma ba don kuɗi ba, don a ce mana 'yan gida.

Da muka dawo hutu a Janairu, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta sa shari'ar nan a kotun gwaji, da sunaye na ƙage. Abokina ne ya kawo shawarar mu yi musanya, shi ya tsaya wa mai gabatar da ƙara, ni in kare wanda ake tuhuma. Na ce masa, "Mutumina, ka tabbata? Mutanenku za su ce ka sayar da su fa." Ya ce ai ni ma an ce na sayar, sai mu haɗa jari.

Nawa jawabin na gama shi cikin dare biyu, don komai na Jackson yana intanet, har da hotunansa da labarin iyalinsa. Shi kuwa ya ce yana so ya buɗe nasa da marigayin, ya nuna wa kotu wane ne aka rasa, shekarunsa, 'ya'yansa, shanu nawa yake kora ranar. Mako guda yana nema. Jiya da dare na leƙa littafinsa a kan tebur, shafin farko suna ne kawai a sama, ƙasansa fari. Ya ce in na je gida ranar Asabar in tambayi kawuna da ke cin kasuwar shanu ko akwai wanda ya san mutanen gidan.